Ragowar maganinmu da kainuwar bakin Kogin Kaduna

Ɗan Lambu, Rafin Guza:
Assalamu alaikum 'yan zaure, barkanmu da yamma. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun ranar Asabar, na ce bari in kawo shi nan ko Allah zai sa a samu mai ilimin abin. Lambun mahaifinmu a gaɓar kogi yake, kuma duk rani daga wani ɗan gurbi muke jan ruwa da inji, daidai inda wata lambatu ta cikin unguwa ke zubowa. Tun tasowata gurbin nan cike yake da kainuwa, can gefe kuma ga bado. To ranar na tsuguna zan gyara bakin tiyo, sai na ɗago kainuwa guda. Ganyen ya koɗe, sabon tohon ma fari-fari ne, saiwar gajera, ta yi baƙi, tana tsinkewa a hannu. Na taka sama kaɗan, na wuce bakin lambatun, na ciro wata. Wannan kore shar, saiwarta ta kai kamu guda. Bado kuwa bana ganye uku kawai na ƙirga.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne tarkacen da na gani a bakin lambatun: kwalaben sirop, wasu da sauran magani a ciki, fankon katin ƙwayoyi, kafso da ruwa ya narkar, har da robar ƙarin ruwa. Na faɗa wa Baba, ya ce abin da ke warkar da ɗan Adam ba zai kashe ciyawa ba. Ban yi masa musu ba, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Shin maganin asibiti yana yi wa tsiron ruwa illa?

Maman 'Yan Biyu, Rigasa:
Wa alaikumus salam. Wallahi ƙanena ka taɓo ni. Duk wata sai na kwashe ragowar maganin yara da ke kan wadirof, na tari, na zazzaɓi, Ampiclox na ruwa da ya wuce kwanakinsa, in tuttular a kwata in ɗauraye kwalbar. Tsoron kada yara su ɗauka su sha ne yake sa ni yin haka. Ko sau ɗaya ban taɓa tunanin inda kwatar take kai shi ba.

Mai Kemis, Tudun Wada:
Allah ya ba ku haƙuri, amma kada a fara ɗora wa magani laifin da ba nasa ba. Cokali nawa ne a kwalbar sirop? Kogin Kaduna kuma ruwa nawa ne? Ka zuba gishiri cokali ɗaya a randa ma ba za ka ji ɗanɗanonsa ba, balle kogin da ya taso tun daga tsaunukan Jos. Lambatun unguwa ba abin da ba ya bi: ruwan omo, baƙin mai na masu gyaran babur, jinin mahauta, ruwan wanka. Me ya sa sai kwalbar magani ido ya gani? Ina faɗin haka ne don na san halin mutane. Gobe sai a ce masu kemis ne suka kashe kogi.

Malamar Bayoloji, Unguwar Rimi:
Salamu alaikum. Ɗan Lambu, Allah ya yi maka albarka da ka ciro ta sama ka gwada da ta ƙasa. Abin da ake koya wa ɗalibi ke nan a ajin kimiyya, kai kuma ka yi shi da kanka a bakin ruwa.

Ka gaida Baba, ka ce masa ina neman afuwa, amma wasu magungunan suna taɓa tsiro, kuma dalilin a fili yake. A cikin kowane koren ganye akwai wasu ƙananan jakunkuna da ake kira kulorofilas, su ne madafar tsiro, a nan yake haɗa abincinsa da hasken rana. Kayan aikin da ke cikin madafar nan sun yi kama sosai da na ƙwayoyin bakteriya. To magungunan kashe ƙwayoyin cuta, waɗanda muke cewa antibayotik, an ƙera su ne su lalata kayan aikin bakteriya su bar na mutum. Idan suka shiga ganye, sai su tarar da abin da ya yi kama da wanda aka aike su kashewa.

Ɗauki Cipro da ake yawan sha saboda taifod. Aikinsa shi ne hana bakteriya kwafar ƙwayar halittarta. A gwaje-gwajen da aka yi da tsiron ruwa, yana hana madafar ganye hayayyafa, sabon ganye ya fito fari babu kore. Tetarasaikilin, kafson nan mai ja da ruwan ɗorawa, da eritromaisin, su kuma suna toshe wurin da ake ƙera furotin. Na Septrin ya fi ba ni mamaki. Kun san folik asid da ake bai wa masu juna biyu a wurin awo. Mu a abinci muke samunsa, jikinmu ba ya ƙera shi. Bakteriya ita take ƙera nata, kuma hanyar ƙerawar ce sinadarin salfa da ke cikin Septrin yake datsewa, shi ya sa yake kashe ta mu ya bar mu. Tsiro ma da kansa yake ƙera nasa, ta hanya iri ɗaya. Kun ga inda matsalar take.

Akwai wani ɗan mitsitsin ganye da ke shimfiɗuwa a kan ruwan tafki kamar an watsa riɗi, masana suna kiransa Lemna. Shi aka mayar ma'auni a duniya: a zuba shi a kofuna, a sa sinadarin da ake zargi, a bar shi kwana 7, a ƙirga ganye nawa ya ƙaru. Magungunan salfa da dangin Cipro suna cikin waɗanda suka fi daƙile shi.

Kuma Maman 'Yan Biyu, 'yar uwa, kada ki ɗauki laifin duka a kanki. Babbar hanyar da magani ke bi ya isa ruwa ta jikinmu ce. Metfomin na masu ciwon suga kusan yadda aka haɗiye shi haka yake fita a fitsari. Amoksisilin fiye da rabinsa haka yake fita. Daga nan sai masai, sai sokawe, sai lambatu.

Tsohon Injiniyan Ruwa, Barnawa:
Malama, bayaninki ya yi kyau, ban ga kuskure a ciki ba. Sai dai ina so in ja birki kaɗan, domin na yi shekaru ina aikin ruwa kafin in ajiye aiki, kuma na ga yadda ake saurin yanke hukunci.

Abin da ke kashe ganye a kofin gwaji da abin da ke cikin kogi ba ma'auni ɗaya ba ne. A kogi ana yawan samun magani ne da nanogiram ko maikirogiram a lita. Nanogiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na giram. Gwaje-gwaje da yawa kuwa sai an kai ninkin-ba-ninkin na haka kafin ganye ya nuna alama. Don haka alamomin da ɗana Ɗan Lambu ya lissafa, abubuwa da dama na iya jawo su. Saiwa ta yi baƙi tana tsinkewa, wannan sau da yawa alamar ruwan da iskar oksijin ta ƙare a cikinsa ce, saboda ƙazanta tana ruɓa. Ganye ya koɗe, yana iya zama omo, yana iya zama gishiri, yana iya zama maganin feshi.

Mu da muka san Kakuri da Makera lokacin da masaƙu ke aiki dare da rana, mun ga magudanar can tana sauya launi gwargwadon rinin da aka yi ranar. Tun 1957 aka buɗe masaƙa ta farko a Kaduna, kogin nan ya sha abin da ya fi sirop ɗaci. Yanzu yawancin masaƙun sun rufe, amma gari ya ninka, kuma mafi yawan gidajenmu masai da sokawe ne. Ni a ganina babban abin da ke damun kogin nan bahaya ne da shara da takin zamani da ruwa ke wankowa.

Ɗana, tambaya ɗaya zan yi maka, ka ba ni amsa tsakani da Allah. A ina masu lambun wurin suke wanke injin feshinsu?

Ɗan Lambu, Rafin Guza:
Ranka ya daɗe, gaskiya a gurbin ake wankewa. Mu ma a nan muke wanke namu. Kafin mu yi shuka mun yi feshin ciyawa, kuma a bakin ruwan na ɗauraye jarkar.

Tsohon Injiniyan Ruwa, Barnawa:
To ka gani. Maganin da aka ƙera musamman don kashe ciyawa, shi ne farkon wanda zan tuhuma. Allah ya saka maka da alheri da ka faɗi gaskiya.

Mai Kemis, Tudun Wada:
Alhamdu lillahi. Abin da nake faɗa ke nan tun ɗazu.

Malamar Bayoloji, Unguwar Rimi:
Yallaɓai Injiniya, na karɓi gyaranka hannu biyu. Da ido kawai ba a cewa ga abin da ya koɗar da ganye, kuma maganin feshi ya fi kusa da zargi a wannan gurbin. Amma Malam Mai Kemis, kada ka naɗe tabarma tukuna, domin zancen cokalin gishiri a randa shi ne bai zauna mini ba.

Gishirin randa sau ɗaya aka zuba. Wannan kuwa kullum ne, safe da yamma, daga gidaje dubbai, shekara da shekaru. Ko maganin mai saurin lalacewa ne, kafin na jiya ya lalace na yau ya iso. Gwajin kofi kwana 7 ne da magani ɗaya. Kainuwar bakin lambatu tun daga tohonta har ta mutu a cikin gaurayen magunguna take zaune, tare da omo da maganin feshin da aka ambata. Sannan a tuna da rani. Duk wanda ya bi ta kan gada a watan Maris ya ga duwatsu a tsakiyar kogi. Ruwan da zai surka ƙazantar ya ja baya, lambatu kuwa ba ta san rani ba. Kuma daidai lokacin ne masu lambu ke ban ruwa.

A 2022 an wallafa wani babban bincike da Jami'ar York ta Ingila ta jagoranta. Sun ɗebi ruwa a wurare 1,052 a koguna 258 cikin ƙasashe 104, suka nemi magunguna 61. Waɗanda aka fi cin karo da su su ne kabamazafin na farfaɗiya, metfomin, da sinadarin kafeyin da ke cikin shayi da kofi. A kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wuraren, akwai aƙalla magani ɗaya da ya haura iyakar da ake ganin ba ta cutar da halittun ruwa ko ba ta haifar da ƙwayoyin cuta masu taurin kai. Inda abin ya fi muni su ne Lahore a Pakistan, La Paz a Bolibiya, da Addis Ababa a Habasha. Yankunan da suka fi yawan gurɓata kuwa Afirka kudu da Sahara, Kudancin Asiya da Kudancin Amurka. Abin da ya haɗa wuraren shi ne mutane suna da halin sayen magani, amma gari ba shi da wurin tace ruwan ƙazanta, ana zubar da shara a gaɓa, motocin yashe masai suna juyewa a rafi. Ku karanta wannan siffar ku faɗa mini ko ba ku gane garin ba.

Mafi tsanani da aka sani shi ne Patancheru kusa da Haidarabad a Indiya, inda a wajajen 2007 kamfanonin magani kusan 90 ke tura ruwansu wuri ɗaya. A 2007 masu bincike daga Suwidin sun auna Cipro har miligiram 31 a lita a ruwan da ke fita daga can, ya fi wanda ake samu a jinin mara lafiyar da ke shan maganin. Mu ba mu kai nan ba, amma bakin lambatu da rani ba tsakiyar kogi ba ne.

Ɗan Masunta, Kabala:
Salam. Na karanta wa kakanmu abin da ake tattaunawa, ya ce in rubuta muku saƙonsa. Ya ce ku 'yan boko kuna maganar ganye, shi kifi yake gani a ciki. 'Ya'yan karfasa da na tarwaɗa a cikin saiwar kainuwa da gindin ciyawar gaɓa suke ɓuya daga manyan kifi da tsuntsaye. Karfasa kuma gansakuka take kiwo. Duk gurbin da ciyawarsa ta mutu, ko ka jefa birgi sau goma wahala kawai za ka sha. Ya ce amma yawan kainuwar ma masifa ne, idan ta rufe ruwa ruf kifi ba ya zama a ƙarƙashinta, kwalekwale ma ba ya wucewa. Ya ce a zamanin yunwa ƙwayar bado da saiwarsa sun ceci mutane, don haka kada a raina shi. Tambayarsa ga Malama ita ce: in magani yana kashe kainuwa, me ya sa wani wurin da ƙazanta ta fi yawa nan ta fi cika?

Malamar Bayoloji, Unguwar Rimi:
Ka ce ina gaida Baba da girmamawa, tambayarsa ta masu sanin ruwa ce. Ruwan ƙazanta taki ne. Yana ɗauke da naitirojin da fosfaras, abin da ke cikin buhun NPK. Tsiro mai ƙarfin hali irin kainuwa yana iya cin takin ya yi ta yaɗuwa duk da maganin da ke ciki, mai rauni kuma ya ɓace. Saboda haka illar ba kullum take zuwa da mutuwar komai ba, wani lokaci sauya mazauna wurin take yi. Ko a cikin gansakuka haka ne. Akwai nau'in da asalinsa bakteriya ne, mai kore da shuɗi-shuɗi, antibayotik kaɗan yake isarsa, akwai koren da ya fi juriya. Idan ma'aunin ya karkata, abincin ƙananan halittun da 'ya'yan kifi ke ci ya sauya. Kuma duk tsiron da ya mutu ya nutse, ruɓewarsa tana shanye iskar da kifi ke shaƙa.

Likitan Dabbobi, Mando:
Barkanku da dare. Na daɗe ina bin zancen, bari in sa baki ta ɓangarenmu, don ana ta maganar mutane an manta da dabbobi.

Akwai labarin da duk lokacin da na tuna shi sai jikina ya yi sanyi. Kun san bishiyar tafashiya, wadda masu maganin gargajiya ke haƙar saiwarta saboda zazzaɓi da ciwon jiki. A 2013 wasu masu bincike daga Faransa suka sanar cewa sun gano taramadol a saiwar tafashiyar da aka haƙo a arewacin Kamaru. Duniya ta ɗauka, aka ce ashe bishiya ce ke ƙera maganin da Bature ya haɗa a ɗakin gwaji. A 2014 wata tawaga daga Jami'ar Dortmund ta Jamus ta koma ta duba. Suka tarar a can ƙuryar arewa manoma suna shan taramadol don su jure aikin gona, suna kuma bai wa shanun huɗa. Shanun suna fakewa a inuwar bishiya su yi fitsari. An samu maganin a ƙasa, a ruwa, da saiwar wasu itatuwan da ba tafashiya ba. A kudancin ƙasar da ba a wannan ɗabi'ar, tafashiyar ba ta da shi. Daga baya aka yi gwajin da ya tabbatar na kamfani ne. Wato itacen tsotsa ya yi. In bishiya mai tsayuwa a tudu ta sha har aka ɗauka ita ta ƙera, ina ga wadda saiwarta ke rataye cikin ruwa dare da rana? Kuma Kamarun nan maƙwabta ne, taramadol kuwa ba baƙo ba ne a unguwanninmu.

Na biyu ungulu. A Indiya da Pakistan an riƙa yi wa shanu allurar daikulofenak, maganin ciwon jikin nan da muke saye a kemis. Ungulun da ta ci mushen sai ƙodarta ta lalace. Wasu nau'o'in sun ragu da fiye da kashi 95 cikin 100 kafin Indiya ta hana amfani da shi ga dabbobi a 2006. Ba wanda ya yi niyyar kashe ungulu, saniya ake yi wa magani.

A nan gida abin da ya fi damuna gidajen kaji ne. Ana narka oksitetarasaikilin a ruwan shan kaji tun suna 'yan tsaki, ba don suna ciwo ba, don kada su yi. Mai yawa daga ciki a kashi yake fita. Kashin kuma buhu-buhu ake sayar wa masu lambu, ruwan wanke keji ya bi rafi.

Mai Kaji, Gonin Gora:
Dakta, da girmamawa, ka san halin da muke ciki. Buhun abinci ya yi tsada, ɗan tsako ya yi tsada. In cuta ta shiga keji cikin kwana uku sai ka kwashe gawa da baro. Wanda ya ci bashi ya zuba kaji ɗari biyar ba zai zauna jiran su fara tari ba. Kashin kuma shi ne ɗan abin da ke rage mana asara, masu lambu har rububinsa suke yi. In ka ce mu daina, ka faɗa mana abin da za mu yi a madadinsa.

Likitan Dabbobi, Mando:
Alhaji, ban ce ka bar kajinka su mutu ba. Yawancin abin da ke share keji, irin su Gumboro da farin masassara, bairos ne, antibayotik ba ya taɓa su, rigakafi a kan lokaci ne maganinsu. Ka kiyaye jadawalin rigakafi, ka hana kowa shiga keji da takalmin waje, ka rage cunkoso, ka bar buntun ƙasa a bushe, za ka ga kuɗin maganin da kake kashewa ya ragu. Kashin kuma a tara shi a rufe ya yi zafi ya ruɓe na wasu makonni kafin a kai lambu. Hakan yana rage maganin da ke ciki, yana kashe ƙwayoyin cuta, kuma ba ya ƙona shuka. Ruwan wanke keji a haƙa masa rami nesa da rafi da rijiya. Ka zo ofis ko ka kira ni, in rubuta maka jadawalin kyauta.

Maman 'Yan Biyu, Rigasa:
Yanzu dai hankalina ya koma kan latas da kabeji da alayyafon da muke saye. Anti Malama, mu daina ci ne?

Malamar Bayoloji, Unguwar Rimi:
A'a 'yar uwa, kada ki daina, kuma kada maganarmu ta zama sanadin karya kasuwar su Ɗan Lambu. Gaskiya ne kayan lambu suna tsotsar wasu magunguna, kabamazafin musamman yana hawa har cikin ganye. Amma abin da ake aunawa a ganyen ƙanƙani ne ƙwarai in an kwatanta da ƙwaya ɗaya da likita ke rubutawa. Haɗarin da ya fi kusa da ke a ganyen da aka yi wa ban ruwa da ruwan lambatu shi ne taifod, kwalara da ƙwan tsutsar ciki. Ki wanke sosai da ruwa mai tsabta, abin dafawa ki dafa.

Abin da ya fi tsorata ni daban ne. Bakteriyar da ke zaune a jikin saiwa da cikin laka, kullum tana lasar antibayotik kaɗan-kaɗan wanda bai isa ya kashe ta ba, sai masu juriya su rage su hayayyafa, har su miƙa wa wasu ƙwayoyin wannan juriyar. An ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda cututtukan da suka daina jin magani, kuma yammacin Afirka ne ya fi kowane yanki yawan mace-macen in an auna da yawan jama'a. Ni na yi jinyar ƙanwata da ciwon fitsari, aka sauya mata magani har sau uku kafin a dace. Tun daga lokacin ba na iya ganin ana sayar da kafso biyu na naira kaza don mura in yi shiru.

Tsohon Injiniyan Ruwa, Barnawa:
A nan kam mun haɗu, Malama. Bari in ƙara abin da ya shafi sana'ata. Tace ruwan sha irin wanda aka saba, alif da yashi da kulorin, an tsara shi ne don cire laka da kashe ƙwayoyin cuta. Magani irin kabamazafin yana ratsa shi kusan yadda ya shiga, tafasawa ma ba ta cire shi. Sai an ƙara gawayin tacewa na musamman ko iskar ozon. Suwizalan ta kafa doka tun 2016 tana ƙara wa manyan matatun ƙazantarta wannan matakin. Tarayyar Turai kuma a 2024 ta amince kamfanonin magani da na kayan kwalliya su biya aƙalla kashi 80 cikin 100 na kuɗin irin wannan tacewar. Mu matakin farko ma, wato tattara ruwan ƙazantar gari wuri ɗaya, shi ne a gabanmu.

Abin da ya fi dacewa da aljihunmu, abin mamaki, shi ne tsiron da kansa. Ana gina fadama ta musamman a bakin magudana, a zuba tsakuwa, a dasa kachalla da makamantanta, ruwa ya ratsa a hankali na 'yan kwanaki. Rana tana lalata wasu magungunan, laka ta riƙe wasu, ƙwayoyin da ke jikin saiwa su cinye wasu. Kachallar da ta addabi mutanen Hadeja da Nguru, a nan ma'aikaciya ce. Sharaɗin shi ne a riƙa yankewa, kuma kada a bai wa dabba abin da aka yanka. Muna da Cibiyar Nazarin Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a nan Mando, muna da jami'o'i da kwalejin kimiyya. Gwada wannan a lambatu ɗaya bai fi ƙarfinsu ba. Kuma mu tuna ruwan nan ba a Kaduna yake tsayawa ba, yana bi ta Shiroro da Zungeru, ya ratsa gonakin shinkafar Nufawa kafin ya faɗa Kogin Kwara.

Mai Kemis, Tudun Wada:
To, na ji. Har yanzu ina kan bakana cewa feshi ne ya koɗar da kainuwar Ɗan Lambu. Amma labarin tafashiyar nan ya shige ni. Kuma in faɗi gaskiya, kafso biyu da Malama ta ambata, ana zuwa nema kullum, in ka hana mutum ya tsallaka shago na gaba. Wannan sai an haɗa kai a ƙungiyance. Abin da zan iya ni kaɗai shi ne in ajiye kwali a shago, duk mai ragowar magani ko wanda ya lalace ya kawo. NAFDAC tana karɓar lalatattun magunguna daga hannun ƙungiyoyin masu sayarwa ta lalata su, zan kai maganar taronmu na wata a haɗa da namu.

Maman 'Yan Biyu, Rigasa:
Daga Rigasa zuwa Tudun Wada da kwalbar sirop uku ai kuɗin Keke ya fi maganin. Mu na nesa fa?

Likitan Dabbobi, Mando:
Hajiya, in babu wurin mayarwa kusa, kada ki zuba a kwata ko masai, kada kuma ki ƙona a murhu. Ki juye shi cikin toka ko ƙasa a roba mai murfi, ki rufe tam, ki sa a sharar da mota ke kwashewa, ba bolar bakin rafi ba. Bai kai mayarwa ba, amma ya fi kwata nesa ba kusa ba. Antibayotik kuma in likita ya rubuta, a sha yadda ya ce, kada a ajiye rabi don wani ciwon.

Ɗan Lambu, Rafin Guza:
Na gode ƙwarai, iyayena da yayyena. Na karanta wa Baba duka. Zancen tafashiya ya sa ya yi shiru, don shi ma yana jiƙa ta. Ya ce daga gobe a tudu za mu riƙa wanke injin feshi, kuma zai yi wa maƙwabtan lambu magana bayan sallar Juma'a. Tiyon ma za mu ƙara masa tsawo mu ja ruwa daga saman lambatun. Malama, in mun daina wankin feshin a gurbin, ta yaya za mu gane ko sauran abin da ke cikin lambatun yana taɓa kainuwar?

Malamar Bayoloji, Unguwar Rimi:
Ka samo mini jarka biyu, ɗaya ruwan saman lambatu, ɗaya na bakinta, bayan kun yi mako biyu ba ku wanke komai a wurin ba. Ka haɗo da ƙananan kainuwa masu lafiya guda goma sha biyu, masu girma ɗaya. Zan sa ɗalibaina su raba su bibbiyu a robobi shida, robobi uku ga kowane ruwa, mu auna saiwa mu ƙirga ganye ranar farko da ranar bakwai. Wannan zai nuna mana ko ruwan lambatun ne ke daƙile su. Sunan sinadarin kuwa sai injin ɗakin gwaji. Yallaɓai Injiniya, ko za ka taimaka mana da wanda za mu kai wa samfurin?

Tsohon Injiniyan Ruwa, Barnawa:
Zan tambaya gobe in sha Allah. Ɗana, na ɗakin gwajin a kwalbar gilashi mai duhu za ka ɗebo, ka ɗauraye ta da ruwan wurin sau uku, ka cika ta har baki, ka sa a kula da ƙanƙara. Ka rubuta rana da lokaci a jikin kowace kwalba. Ka ɗebo da sassafe, lokacin da lambatun ta fi kawo ruwa.